Shekarar da Na Sa wa Barewa Lalle

Ku ƴaƴana, da jikokin da za a karanta wa wannan, na san abin da aka gaya muku game da tafiyar babanku aikin hanya a zamanin Nasara. An ce faɗa ya yi da mai gari a kan iyakar gona. Wasu ma sun ƙara gishiri, wai har sanda ya ɗaga wa gardi, ɗan sandan Nasara. Babanku da ko akuya ta shiga masa gona sai ya lallaɓa ta ta fita, shi ne zai ɗaga wa mai jar hula sanda? Ban ƙaryata ba a lokacin, domin shi ba ya son a ta da maganar, ni kuma kunya ta rufe mini baki. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni kuwa na tsufa har kunyar ta gaji ta sake ni. Na zaunar da jikata Rabi da alƙalaminta na lakwal, wato makarantar boko, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. A kan wata barewa aka tafi da babanku, kuma barewar tawa ce.

A wani ƙauye muke a lokacin, gabas da Dantchiao. Mu uku ne a gidan: ni, da babanku, da Inna mahaifiyarsa. Na huɗunmu shi ne ɗana na fari, wanda ba ku tarar ba. Kun san al'adarmu a kan ɗan fari, ko da yake ku na yanzu kun yi mata riƙon sakainar kashi. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka ana zaune sai ta kau da kai har wata ta ce mata ɗauki yaron nan mana. Ni kuwa na riƙe al'adar da hannu biyu, don a ce ƴar gidan mutunci ce. Inna ke goya shi, ita ke yi masa rawa a cinya, ni sai in ba shi nono ina kallon bango. Ya fara tafiya ke nan ƙyanda ta shigo gari da bazara, ta tafi da shi tare da wasu yara. Ranar da aka fita da shi mata suka cika gida, Inna ta yi kuka har ta shiɗe, ni ina zaune a gefe ina amsa gaisuwa, ido a bushe. Aka yi ta yabona, wai ba a taɓa ganin yarinya mai kunya da dauriya irina ba. Daga ranar magana ta ƙafe mini. Ba kwanciya na yi ba. Ina daka, ina ɗebo ruwa, ina tuƙa tuwo, amma in an yi mini magana sai in ji kamar daga wani gari ake yin ta. Abinci kuwa sai Inna ta tsaya a kaina. Damina ta zo ta wuce ina haka, har aka fara raɗe-raɗin cewa iska ce ta taɓa ni.

Da kaka ta yi, Buba ya sauko da shanunsa. Wani Bafillace ne aminin babanku, kowace shekara a gonarmu yake kafa ruga, shanu su ci kara su bar mana taki. Wata safiya ya yi sallama da wani abu a naɗe cikin rigarsa. Ƴar barewa ce ya tsinta a gindin sabara, uwar ba a san inda ta shiga ba, ƙafafun nan kamar tsinken tsintsiya. Ya ce a ba yara su yi wasa, sai ya tuna gidan babu yaro, ya yi tsuru-tsuru. Babanku ya karɓa, ya shigo, ya ajiye ta a kan tabarmar da nake zaune, ya fita.

Ta kama ɗan yatsana tana tsotsa. Na tashi na tatsi akuya, na tsoma tsumma a nonon na sa mata a baki. Inna ta ce a ranar ta ji muryata, ina cewa, sha mana, sha. Ita ta raɗa mata suna Ayashe, irin sunan da ake ba yaron da na gabansa suka mutu, don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ku gane abin da nake gaya muku. Babu al'adar da ta hana mace kiran sunan barewa. Ina kiranta tun daga bakin rijiya, ina rungumarta a tsakar gida, ina yi mata waƙa, ina zaginta in ta ci mini wake, kowa na gani, ba mai cewa na yi rashin kunya. Duk abin da na ƙulle a ciki a kanta na sauke shi. Na koma cin abinci, na koma gardama da Inna a kan yawan kanwa a miya. Babanku yakan dawo daga gona da ƴaƴan gawo cike da aljihu, ya zube mata, ya yi kamar ba shi ba.

Layyar farko Ayashe tana ƙarama, a ɗaki ta yi ta. Kafin Babbar Sallah ta sake zagayowa ta zama budurwa, ta fitar da ƴan ƙahoni, kuma duk inda na sa ƙafa tana baya. A nan damuwa ta taso. A ƙasarmu washegarin layya samari ke fita farauta. Ƙauyuka da yawa ke haɗuwa, da ganga da karnuka da kere, su share daji, duk abin da ya motsa nasu ne. Samarin garinmu sun san Ayashe, amma na wasu garuruwa fa? Ga karnuka da ke cika gari saboda jini da ƙashi. Inna ta ce abin da ake yi tun kakanni shi ne a yi wa dabbar gida alama, yadda ko daga nesa mafarauci zai san tana da mai ita. Saboda haka da muka kwaɓa lallen sallah na ƙara yawa. Na shafe mata ƙafafu huɗu har gwiwa, na yi mata ɗigo a goshi, na shafa a farin gashin ƙirjinta, na naɗe da ganye da tsumma tana ta harbin iska. Na yage bakin wani jan zane na ɗaura mata a wuya da ƴar ƙararrawa. Da aka kwance, lallen ya kama ja wur, ya fi nawa kamawa. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce saura a kawo lefe.

Shekarar kuwa ba ta dariya ba ce. Ana yaƙin Turawa, an rufe iyaka tsakaninmu da ƙasar Ingilishi, kuma komai Nasara ya gani yana so: gero, gyaɗa, dabbobi, mutane. Sallar ta zo dab da bikinsu na sabuwar shekara, wanda muke ce wa bonane. Duk lokacin bonane gardawa ke bin ƙauyuka, wato ƴan sandan Nasara masu jar hula, suna tara ƙwai da kaji da man shanu na liyafar bariki.

Ana jibi sallah na je rijiya da hantsi, Ayashe na biye da ni tana kaɗa ƙararrawa. Muna cikin ja sai ga gardi a kan doki, ya zo shayarwa. Da barewa ce kawai mai launin ƙasa, da ta laɓe a bayan tulu bai ko lura ba. Amma ga ta nan ja wur a tsakiyar farin yashi. Ya daɗe yana kallonta. Hausarsa wata iri ce, ba ɗan ƙasarmu ba ne.

"Amaryar nan ta wace ce?"

Sai Ayashe da kanta ta zo ta sa kai a cinyata.

"To," in ji shi. "Madam za ta so wannan."

Ya ja linzami ya nufi ƙofar mai gari. Ban san yadda na kai tulun gida ba.

Bayan la'asar mai gari ya zo da kansa. Ƙanen mahaifin babanku ne, dattijo mai sanyin hali da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa. Suka zauna a zaure, ni da Inna muna bayan zana muna ji.

"Ya ce washegarin sallah zai biyo da igiya," in ji mai gari. "Gaisuwar bonane zai kai wa matar kumandan. An ce tana da wani keji na waya a bayan gida, da birai da gauraki a ciki."

"Baffa, ba tawa ba ce."

"Ta matarka ce. Ka yi mata magana."

"Ka san abin da ya sa take gidan nan."

"Na sani, duk gari ya sani. Na kuma san an ce in ba da mutanen aikin hanya bayan sallah. Bana na yi niyyar tsallake gidan nan, don kai kaɗai ne namiji. Kada ka ɗaure mini hannu."

Inna ta ɗaga murya daga bayan zana, ta ce a ba gardin karsanarta, ita kaɗai gare ta, a ba shi. Mai gari ya ce shanu da raguna sun yi wa mutumin yawa, abin da ba wanda zai kai irinsa yake nema.

Aikin hanya, in ba ku sani ba, ba aiki ba ne da ake biya. A tasa ƙeyar mutum, ya yi ta fasa dutse yana ɗaukar tsakuwa a ka, abinci ɗan kaɗan, bulala a wadace. Wasu na dawowa, wasu sai dai a kawo labari.

Ranar jajibere na wuni ina wankin lalle. Na sa toka, na sa kanwa, na sa lemun tsami, na goge har fatar ƙafarta ta yi zafi tana fizgewa. Tunanina shi ne in alamar ta fita in kai ta daji in sake ta, a ce ta gudu. Amma lalle in ya kama ya kama. Babanku ya tsaya a kaina yana kallo.

"In ya fita, karnukan jibi fa?"

Na saki tsumman. Gaskiya ya faɗa. Da alama gardi ya gan ta, babu alama mafarauta su kashe ta, kuma dabbar da ta saba cin dusa a tafin hannu ba ta san gudun kare ba. Na ce to a kai ta gidan kawuna a ƙetaren iyaka, ba nisa. Ya ce masu doki na sintiri, kuma duk wanda ya ga mutum da barewa mai jan ƙafa ba zai manta ba. Na ce Buba fa? Ya ce Buba ya yi kudu tun da ciyawa ta ƙare. Inna tana zaune tana tsinke zogale, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Ƴar nan, ni na sa mata suna, ni na ce a sa lallen, ina son ta. Amma dabba ce. Ni kuwa ɗa ɗaya gare ni."

Ban ji haushinta ba, ko a lokacin. Tsoro na ji. Tsoron a tafi da shi, da kuma tsoron shirun nan da na san yana jirana in ɗakina ya sake zama fayau. Na dubi babanku ko zai yanke, ya ɗauki buta ya fita.

Ban taɓa yin sallah mai ɗaci irin wannan ba. Aka sauko daga idi, aka yanka rago a ƙofar gida, warin jini ya cika ko'ina. Na kulle Ayashe a ɗakina na tokare ƙofa da turmi, don karnuka har tsakar gida suke shigowa. Tana jin warin tana rawar jiki, tana buga ƙafa a ƙasa, tana huci. Na cusa tsumma a ƙararrawar don ta daina ƙara. Yara suka yi ta zuwa barka da sallah suna cewa a nuna musu amarya, Inna na korarsu da ƴan soye-soye. Na sa sabon zane, na yi suya, na raba nama gida-gida, amma ko yanka ɗaya ban ci ba. Babanku ya wuni yana amsa gaisuwa da fara'arsa ta kullum, har na fara jin haushinsa. Na ce a raina mutumin nan ya riga ya yanke zai ba da ita, kunyar faɗa mini yake ji.

Washegari da hantsi gangar farauta ta tashi. Samari suka taru a bakin gari da karnukansu, hanyar fitarsu kuwa ta ƙofar gidanmu ta bi. Liman da wasu dattawa suna zaurenmu, sun zo gaisuwar sallah. Sai na ji takun doki, na ji sallamar mai gari a sanyaye. Na leƙa ta hudar zana. Gardi ya sauko, igiya na naɗe a hannunsa.

"Ina take?"

Babanku yana zaune a bakin ƙofa, bai tashi ba.

"Tana ɗakin matata."

"Fito da ita."

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Ba ta bayarwa ba ce."

Ganga ta yi shiru. Na ji liman na cewa a yi haƙuri, a yi sulhu, na ji mai gari na kiran sunan babanku a hankali, yana maimaitawa. Inna ta kama hannuna ta matse, ta zuba mini ido. Ni ma na riga na gama shawara. Na ture turmin, na kama jan ƙyallen wuyan Ayashe, na ja ta. Ta biyo ni ba gardama, don ba ta taɓa ƙin bina ba. Na ratsa zaure a gaban dattawa, kaina a ƙasa, na tsaya a bayan babanku. Na ce ga ta. Muryar da ta fito ban san ta ba.

Gardi ya fara warware igiya. Babanku bai waiwayo ba, hannu kawai ya miƙa ya tare ƙofar.

"Koma da ita ciki."

"A bar shi ya tafi da ita," na ce.

"Wancan, Mai shi ne ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa. Wannan kuwa mutum ne ke tambaya, na ce a'a. Koma ciki."

Tun ranar da aka binne yaron ban taɓa jin ya ambace shi ba, ko a ɗaki, balle a gaban liman da rabin gari. Ashe duk watannin nan yana ɗauke da nasa. Na durƙusa a nan cikin zaure, na rungume wuyan barewa, na yi kukan da ban yi ba a ranar da ya kamata, da ƙarfi, a gaban maza. Ba wanda ya ce mini kul.

Gardi ya dubi ƙofar da aka tare, ya dubi samari sun yi cirko-cirko da kere a hannu, karnuka na gurnani. Ba wanda ya ɗaga komai, amma ba wanda ya matsa. Shi kaɗai ne da dokinsa. Ya yi wani murmushi.

"Na fito da igiya. Ba ta komawa haka." Ya juya wajen mai gari. "Wannan yana cikin mutanen hanya. Yau zai fara."

A kugu ya ɗaura masa ita. Babanku ya roƙi a bari ya sa takalmi, aka bari. Inna ta ƙulle soyayyen nama a tsumma ta cusa masa a aljihu. Da zai wuce ya sunkuyo wajena.

"In lallen ya koɗe ki ƙara mata. Farauta ba ta ƙare ba."

Na ƙara mata kuwa, har aka gama farautar rani. Sau da yawa samarin wasu garuruwa sun hango ta a bayan gari sun janye karnukansu, don alamar ta yi aikin da aka yi ta dominsa. Gardin bai sake waiwayarmu ba. Daga baya mai gari ya ji cewa ɗan jimina ya samu a wani ƙauye ya kai, aka yaba masa, ya manta da mu. Wannan ya fi komai ci mini rai, har yau. Inna ta daina yi mini magana. Ba zagi, ba gori, sai dai ta ajiye mini ƙwarya ta wuce. Ni na yi sharar gona, ni na kai taki a ka, ni na je wajen mai gari ina tambayar labari har ya fara ɓuya in ya hango ni. Wadda a da ba a jin muryarta, sai ga shi an fara cewa ta cika baki. Wata rana na dawo daga gona na tarar da Inna a bayan rumbu tana ba Ayashe ƴaƴan gawo ɗaya-ɗaya, tana ce mata ci, ƴar banza, ci, ɗana aka bayar a kanki, in kika rame ban yafe ba. Da ta gan ni ta miƙo mini sauran. A ranar muka koma cin tuwo a ƙwarya ɗaya.

Sai da hadari ya fara haɗuwa a gabas ya dawo. Da rana tsaka ne, ina sussuka. Wani mutum ya shigo ba sallama, baƙi ƙirin, wuya duk jijiya, gashin tsakiyar kansa ya cinye saboda ɗaukar kaya. Sai da ya yi tari na gane shi. Inna ta faɗi a ƙafafunsa. Ni na tsaya riƙe da taɓarya, na kasa gaba na kasa baya. Ya zauna a kan turmi, ya sha ruwa, ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kin yi ƙiba," ya ce. "Ina take?"

Na kira ta. Ta fito daga bayan rumbu, ta hango shi, ta ja tunga. Ta buga ƙafa, ta yi huci, ta zagayo ta laɓe a bayana. Ba ta gane shi ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya laluba aljihu da hannun hagu ya fito da ƴaƴan gawo da ya tsinto a hanya, ya zuba su a tafin dama. Sai na ga ya sa hagun ya tallafo gwiwar hannun daman, ya ɗaga shi da ƙyar ya miƙa mata, don daman ba ya tashi da kansa. Dutse ne ya faɗo masa a kafaɗa, ba wanda ya ɗora shi.

Hannun nan ne kuka sani, wanda kuke rige-rigen zura masa hannun riga ranar sallah kuna ƙanana. Haka ya riƙe shi a miƙe, yana rawa, gumi na tsattsafo masa a goshi, bai sauke ba har ta matso ta ci.